Wanda ya ba da aron gona, ya faɗi maganar hanya

A karkara, idan mutum ya ba maƙwabcinsa aron gona, ba a cewa aro ya cika sai an san ta inda mai aro zai bi da jakinsa da haiwarsa ya shiga. In mai gona ya ce «ga fili nan, ka noma», alhali hanyar shiga ta ratsa ta garkarsa, kuma ya yi shiru a kan maganar hanyar, to mai aro yana cikin haɗari. Ranar da hatsi ya nuna, ana iya jibge masa ƙaya a bakin hanya, a ce sai ya biya kafin ya fitar da dammansa. Shi ya sa dattawa, da kwamitocin filaye na wannan zamani, suke so a faɗi komi a gaban shaidu, a kuma rubuta.

Irin wannan matsala ta daɗe da tasowa a wani fage da ake gani kamar ya yi nisa da manomi, watau fagen manhaja, wadda ƴan biro ke kira lojisiyel. Manhaja ita ce jerin umurnin da ake rubuta ma kwamfuta ko salula domin su yi aiki. Akwai manhajoji masu ɗimbin yawa da masu su suka sake ma duniya, suka ce kowa ya ɗauka, ya yi aiki da su, ya gyara, ya raba. Takardar da ke ɗauke da wannan izini ita ake kira lasisi. Tambayar da masana suka shafe shekara talatin suna gardama a kanta ita ce: lasisin da ya ba da gona, ya ba da hanyar shiga? Amsar wannan shafi ita ce, lasisi nagari shi ne wanda ya faɗi maganar hanya ƙarara, kuma ya kamata ma'aikatan gomnati da matasa masu rubuta manhaja su san bambancin.

Mallaka iri biyu

Domin a fahimci gardamar, dole a rarrabe abubuwa biyu da doka ke karewa. Na farko shi ne haƙƙin marubuci. Wanda ya rubuta littafi, ko ya tsara waƙa, ko ya rubuta manhaja, doka ta hana wani ya kwafe aikinsa ba da izini ba. Abin da wannan haƙƙi ke karewa shi ne rubutun kansa, kalma bayan kalma.

Na biyu shi ne takardar mallakar ƙirƙira, wadda Faransawa ke kira brevet d'invention. Kada a haɗa ta da brevet ɗin da yara ke samu in sun gama kwaleji. Wannan takarda hukuma ce ke ba da ita ga wanda ya ƙago sabuwar dabara, ta ba shi ikon hana kowa aiki da dabarar har tsawon shekara 20 daga ranar da ya ajiye takardar neman.

Misali zai fi bayyana bambancin. A ce wani mahauci ya rubuta ɗan littafi a kan yadda ake yin kilishi. Haƙƙin marubuci ya hana a buga littafin nan a sayar ba da saninsa ba, amma kowa na iya karantawa, ya yanka nama, ya shanya, ya yi labu, ya gasa. In kuwa takardar ƙirƙira ce aka ba shi a kan dabarar shanyawa, to duk wanda ya shanya nama ta wannan hanya ya shiga hurumin mai takarda, ko da bai taɓa ganin littafin ba, ko da shi ma da kansa ya gano dabarar. Nan ne haɗarin yake. Mai rubuta manhaja ya san ko ya kwafi rubutun wani ko bai kwafa ba. Amma ba shi da hanyar sanin dukan takardun ƙirƙira da aka bayar a duniya, dubbai bisa dubbai, da harshen lauyoyi mai wuyar ganewa.

Ƙasashe ba su yi daidai ba a kan ko ya dace a ba da irin wannan takarda a kan manhaja. Yarjejeniyar Turai ta 1973 ta cire manhaja zalla daga abubuwan da ake ba takarda, ko da yake ofishin Turai yana bayarwa in an nuna dabarar ta warware wata matsala ta fasaha. A shekarar 2005 majalisar dokokin Turai ta yi watsi da wani daftarin doka da ake tsoron zai buɗe ƙofar. A Amurka kuwa, kotuna sun yi ta sassautawa tun 1981, har aka ba da takardu masu yawan gaske a shekarun 1990 da 2000. Sai a 2014 kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar da aka sani da sunan Alice, ta ce ɗora tsagwaron tunani a kan kwamfuta bai isa ya zama ƙirƙira ba. Hukuncin ya rage ɓarnar, amma bai kawar da ita ba.

Ƴanci huɗu da wuƙar da ke yanke su

A shekarar 1983 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da aikin GNU, a 1985 kuma ya kafa gidauniyar manhaja mai ƴanci. Ma'anar ƴanci a wurinsu abu huɗu ne: mutum ya yi aiki da manhaja yadda ya so, ya karanta asalin rubutunta ya gyara, ya raba ma jama'a, ya kuma raba abin da ya gyara. A 1998 wasu suka kafa wata ƙungiya da ta fi son a ce manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Sunaye sun bambanta, amma yawancin lasisin da ɓangarorin biyu suka yarda da su ɗaya ne.

Dukan waɗannan ƴanci huɗu an gina su a kan haƙƙin marubuci: mai rubutu ya yafe abin da doka ta ba shi. Takardar ƙirƙira tana iya zuwa daga gefe ta yanke su gaba ɗaya, kuma tarihi ya nuna haka.

A 1987 aka fito da tsarin hoto mai suna GIF, jama'a suka rungume shi, suna zaton na kowa ne. A ƙarshen 1994 sai aka sanar cewa dabarar matse hoton tana ƙarƙashin takardar ƙirƙira ta kamfanin Unisys, kuma masu manhajar da ke yin irin hoton za su biya. Masu manhaja mai ƴanci ba su da hanyar biya, tun da ba su san yawan mutanen da suka kwafi aikinsu ba. Dole suka zauna suka ƙago wani tsari, PNG, wanda ya fito a 1996. Takardar Unisys ba ta mutu a Amurka ba sai 2003.

Haka aka yi da MP3, tsarin da ake zuba waƙoƙi da wa'azi a katin salula a kowace kasuwa ta ƙasar nan. Shekaru da dama wasu manyan masu rarraba Linux, irin su Fedora, ba su sa abin sauraren MP3 cikin kayansu ba, domin tsoron shari'a. Sai a 2017 masu takardun suka rufe shirin karɓar kuɗin izini.

A 2007 kamfanin Microsoft ya ce Linux da sauran manhajoji masu ƴanci sun taka takardunsa 235. A 2009 ya kai ƙarar TomTom, kamfanin ƙasar Holan mai ƙera na'urar nuna hanya da ke aiki da Linux, aka sasanta a wannan shekara. Bayan haka ya ƙulla yarjejeniyar karɓar kuɗi da masu ƙera salula ta Android, irin su HTC a 2010 da Samsung a 2011. Android kyauta ce a rubuce, amma ga kuɗin hanya ana biya, kuma kowa ya san cewa abin da mai ƙera kaya ya biya, a kan mai saye yake ƙarewa.

Lasisi mai shiru da lasisi mai magana

Idan aka dubi lasisin da suka fi yaɗuwa, za a ga sun kasu gida biyu a kan wannan batu.

Gida na farko su ne masu shiru, watau lasisin MIT da na BSD, waɗanda suka fito daga jami'o'in Amurka a shekarun 1980. Gajeru ne, ba su cika shafi ɗaya ba. Sun ce a ɗauka, a yi aiki, a gyara, a sayar in an so, a dai bar sunan masu rubutu. Ba su ambaci takardar ƙirƙira ba ko da kalma ɗaya. Wasu lauyoyi na cewa wanda ya ce «ka yi aiki da wannan, ka sayar» ya riga ya ba da izinin dabarar a fakaice, ba zai dawo ya kai ƙara ba. Magana ce mai ma'ana, amma fassara ce, kuma fassara tana iya bambanta daga kotu zuwa kotu, daga ƙasa zuwa ƙasa.

Gida na biyu su ne masu magana. Lasisin GPL bugu na 2, na 1991, wanda zuciyar Linux ke ƙarƙashinsa har yau, ya hango matsalar. Ayarsa ta 7 ta ce in kotu ko wata yarjejeniya ta ɗora ma mutum sharaɗin da zai hana waɗanda suka karɓi manhaja daga hannunsa samun cikakken ƴanci, to ya daina rabawa gaba ɗaya. Manufar ita ce kada wani ya saya ma kansa izini shi kaɗai, ya bar sauran jama'a a rana.

Lasisin Apache bugu na 2, na 2004, ya ƙara fito da maganar fili. Ayarsa ta 3 ta ƙunshi abu biyu. Na farko alkawari ne: duk wanda ya sa hannu cikin rubuta manhajar ya ba kowa izinin aiki da takardun ƙirƙirarsa da gudummawar tasa ta shafa, kyauta, a duk duniya, har abada. Na biyu sharaɗin ramuwa ne: duk wanda ya kai ƙara kotu yana cewa manhajar nan ta taka takardarsa, to izinin takardun ƙirƙira da aka ba shi a kanta ya faɗi daga ranar da ya shigar da ƙarar. Yawancin Android a ƙarƙashin wannan lasisi take.

GPL bugu na 3, na 2007, shi ma ya sa alkawarin a rubuce, ya hana mai rarrabawa kai ƙara a kan manhajar. Ya kuma toshe wata kafa da ta bayyana a 2006, lokacin da Microsoft da Novell suka yi yarjejeniyar da ta kare masu sayen Linux daga hannun Novell kaɗai. Lasisin Mozilla bugu na 2, na 2012, wanda Firefox da LibreOffice ke amfani da shi, yana da alkawari da ramuwa shi ma.

Sharaɗin ramuwa irin wannan adalci ne. Rijiya ce jama'a suka haƙa tare. Wanda ya zo ya sha, ya shayar da bisashensa, sa'an nan ya tafi gidan shari'a yana cewa rijiyar tasa ce, babu zalunci in aka karɓe gugar da aka ara masa. Sharaɗin bai hana shi shan ruwa ba, bai hana shi sayar da ruwan ba, bai hana shi yin shari'a da kowa a kan wata magana dabam ba. Abu ɗaya ya hana: cin amfanin rijiya da neman rufe ta a lokaci guda.

Inda ramuwa ta wuce gona da iri

Sai dai ba kowane sharaɗin ramuwa ne ke kare jama'a ba. Abin da ya faru da React ya isa darasi. React manhaja ce ta gina shafukan intanet, wadda Facebook ya saki a 2013 a ƙarƙashin lasisin Apache. A 2014 kamfanin ya sauya zuwa BSD, ya haɗa da wata takarda tasa ta musamman a kan takardun ƙirƙira. Takardar ta ba da izini, amma ta ce izinin zai faɗi in mai aiki da React ya kai ƙarar Facebook a kan kowace takardar ƙirƙira, ko da maganar ba ta shafi React ba ko kaɗan.

A duba abin da wannan ke nufi. Ƙaramin kamfani ya gina dukan sana'arsa a kan React. Daga baya ya ƙago wata dabara tasa a wani fanni, babban kamfani ya ɗauka ba izini. In ƙaramin ya nemi haƙƙinsa, ya rasa izinin da sana'arsa ke tsaye a kai. Babban kuwa bai ɗaure kansa da irin wannan igiya ba. A lasisin Apache, sharaɗin yana kare manhajar da duk masu aiki da ita, babba da yaro. A takardar Facebook, sharaɗin yana kare kamfani ɗaya. Mai rijiya ne ya ce duk wanda ya sha ruwansa ba shi da bakin yin ƙararsa ko da shanunsa sun cinye masa gona.

A watan Yuli na 2017 gidauniyar Apache ta hana ayyukanta amfani da duk manhajar da ke ɗauke da wannan takarda. A watan Satumba masu WordPress, wadda a lokacin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na shafukan intanet ke aiki da ita, suka ce za su bar React. Kafin watan ya ƙare Facebook ya janye, ya mayar da React ƙarƙashin lasisin MIT. Jama'a sun yi murna, kuma sun yi gaskiya da suka ƙi tarkon. Amma a lura da inda aka ƙare: an bar lasisi mai mugun sharaɗi an koma lasisi mai shiru. An kwashe ƙayar da ke bakin hanya, ba a rubuta cewa hanyar ta kowa ce ba.

Hujjojin masu suka

Akwai masu ganin cewa duk wani sharaɗi, komi kyansa, ragi ne ga ƴanci. Masu aikin OpenBSD suna cikinsu. Sun ƙi lasisin Apache na 2004, suka ci gaba da riƙe tsohon bugun manhajar Apache shekaru da dama, suna cewa lasisi ya kamata ya tsaya a kan haƙƙin marubuci, ya zama gajere yadda mai rubuta manhaja zai karanta ya gane ba tare da lauya ba. Wannan hujja tana da nauyi. Takardar da talaka ba ya iya karantawa takan zama makamin mai kuɗi. Amma gajartar takarda ba ta kashe takardun ƙirƙira da ke hannun kamfanoni. Suna nan ko an ambace su ko ba a ambace su ba. In wanda ya rubuta manhaja malamin jami'a ne da ba shi da takarda ko ɗaya, shirunsa ba ya cutarwa. In kuwa kamfani ne mai takardu dubbai, shirunsa abin tambaya ne.

Hujja ta biyu ita ce, waɗannan sharuɗɗa suna raba kan manhajoji. Gaskiya ne. Gidauniyar manhaja mai ƴanci da kanta ta ce ba a iya haɗa rubutun da ke ƙarƙashin Apache na 2004 da wanda ke ƙarƙashin GPL bugu na 2 zalla cikin manhaja ɗaya, saboda sharaɗin ramuwa ƙari ne da GPL ta 1991 ba ta yarda da shi ba. Sai da bugu na 3 aka daidaita. Wannan asara ce ta gaske, kuma ita ce dalilin da ya sa bai kamata kowane kamfani ya riƙa ƙago nasa lasisi ba. Kaɗan da aka sani, aka gwada, sun isa.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi: alkawarin lasisi yana ɗaure waɗanda suka sa hannu cikin aikin ne kawai. Wanda ke waje bai yi alkawarin komi ba. Akwai kamfanonin da ba su ƙera komi, ba su rubuta komi, sana'arsu ita ce sayen takardun ƙirƙira su yi kwanton ɓauna. Irin waɗannan ramuwa ba ta taɓa su, tun da ba su shan ruwan rijiyar balle a karɓe masu guga. A 2019 wani kamfani mai suna Rothschild Patent Imaging ya kai ƙarar gidauniyar GNOME a Amurka a kan Shotwell, wata manhajar adana hotuna. Gidauniyar ta ƙi biya, mutane fiye da dubu 4 suka tara mata sama da dalar Amurka dubu 150, aka ƙare a 2020 da sulhun da bai sa ta biya komi ba, har ma ya kare sauran manhajoji masu buɗaɗɗen tushe daga takardun kamfanin. Abin da ya cece ta taron dangi ne.

Saboda haka aka nemi wasu garkuwoyi. A 2005 kamfanoni irin su IBM, Red Hat, Sony da Philips suka kafa Open Invention Network, inda kowane memba ke alkawarin ba zai kai ƙarar ɗan'uwansa a kan Linux ba. A 2018 Microsoft da kansa ya shiga, da takardu fiye da dubu 60. Wannan hujja ta uku ta nuna iyakar lasisi, amma ba ta rushe amfaninsa ba. Ƙyauren ɗaki ba ya hana ɓarawon da ya haura katanga, duk da haka ba wanda ke kwana ƙofa buɗe.

Ina ruwan Nijar?

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Nijar tana cikin ƙasashen da suka kafa ofishin mallakar fasaha na Afirka a Libreville a 1962, wanda ya zama OAPI da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Cibiyarsa tana Yawunde, ƙasashe 17 ke cikinsa, kuma takarda ɗaya da ya bayar tana aiki a cikinsu duka. Yarjejeniyar ba ta lissafa manhaja cikin ƙirƙirar da ake ba takarda ba, ta bar ta ƙarƙashin haƙƙin marubuci. Takardar da aka bayar a Amurka kuma ba ta da ƙarfi a Maraɗi ko Damagaram. To mene ne abin damuwa?

Abin damuwa uku ne. Na farko, manhajar da ake aiki da ita a nan ba a nan ake rubuta yawancinta ba. In an tilasta ma masu ita a can su cire wani sashe, ko su rufe aikin, cirewar za ta iso Tawa kamar yadda ta iso ko'ina. In an ɗora ma mai ƙera salula kuɗin izini, ɗan kasuwar da ya sayo ta ya biya, mai saye ya biya.

Na biyu, ayyukan hukuma sun riga sun dogara da irin waɗannan manhajoji. Alƙaluman kiwon lafiya da ake tattarawa daga likitoci zuwa Yamai suna bi ta DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagoranta, a ƙarƙashin lasisin BSD. Masu bincike da ma'aikatan agaji da ke yawo ƙauyuka da salula suna cika tambayoyi da ODK, mai lasisin Apache, ko KoboToolbox. Ma'aikacin da ya sa hannu a kwangilar kawo manhaja bai karanta lasisinta ba, cinikin biri a sama ya yi da kuɗin talakawa.

Na uku, matasan da ke fitowa daga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna rubuta manhaja, kuma kasuwarsu ba ta tsaya a iyakar ƙasa ba. Ranar da aikin ɗayansu ya shiga kasuwar Amurka ko Turai, dokar can ce za ta hau kansa.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana abin da takarda ke iya yi ma dukiyar jama'a. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na waje ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallakar iri da sunan albasar Galmi, wadda manoma suka gada kaka da kakanni, sai da manoma da hukumomi suka tashi tsaye. Takardar iri dabam take da takardar ƙirƙira, amma darasin ɗaya ne: abin da kowa ke gani nasa ne, in ba a rubuta ba, wani na iya zuwa da takarda ya ce nasa ne shi kaɗai.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatar da za ta karɓi manhaja, ko ta saye ko ta taimako, ta nemi a faɗa mata sunan lasisin a cikin kwangila, ta kuma yi tambaya uku. Lasisin yana cikin sanannu, ko kamfanin ne ya rubuta nasa? Ya ba da izinin takardun ƙirƙira a rubuce? In akwai sharaɗin ramuwa, ya tsaya a kan manhajar kaɗai, ko ya miƙe ya rufe dukan harkokin kamfanin? Lasisi mai shiru daga jami'a ko ƙungiyar sa-kai ba abin gudu ba ne. Daga babban kamfani kuwa, a nemi ƙarin bayani a rubuce. Sharaɗin da ya miƙe, a ƙi shi.

Manhajar da aka rubuta da kuɗin gomnati, ya dace a sake ta a ƙarƙashin lasisi mai magana. In ana so duk wanda ya gyara ya raba, ya raba da asalin rubutun, GPL bugu na 3 ta dace. In ana so ƴan kasuwa su gina a kai ba wannan sharaɗi, Apache ta dace. Makarantun da ke koyar da kwamfuta su ware darasi a kan lasisi, a kuma bayyana ma'anar manyan ayoyin da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, domin wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu ya cancanci sanin abin da ke cikin takardar da ake aiki da ita a kansa. Wakilan ƙasa a OAPI kuma su riƙe matsayin yarjejeniyar Bangui da kyau, kada wata yarjejeniyar ciniki ta shigo da takardun ƙirƙira a kan manhaja ta bayan gida. Ƙasar da ke koyon gini ba ta da riba in aka sa ma tubali haraji.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a zuba iri a gonar aro, a tambayi mai ita maganar hanya, a kira shaidu, a rubuta. Allah ya sa masu sa hannu a madadin jama'a su karanta kafin su sa.